Jelar Rigar Amarya

Jama'a, yau an dawo mini da rigar haya an raba ta gida biyu!

Farar nan ce mai doguwar jela, wadda aka ɗauka bikin Tsafe. Jibi wata amarya a Bungudu za ta sa ta, kuma saboda jelar ta zaɓe ta.

Da hantsi sai ga kakar amaryar Tsafe a shagona da ƙullin zane. Na kwance. An wanke riga fes, an goge, tana ƙamshin turaren wuta. Na ɗaga ta. Babu jela!

Na ce, "Inna, ina sauran rigar?"

Ta ce, "Ɗiyata, telanku bai iya awo ba. Yarinya na tafiya, riga na sharar ƙasa. Na sa almakashi na daidaita muku, na kalmashe bakin da hannuna."

Ta miƙo mini jelar a ninke. "Ga ragowar yadinku. Mu ba mu cin amana."

Na yi mata godiya, na raka ta tasha.

Wa ya san tela mai hannu a Gusau? Yau nake son sa.