Yadda Na Kai Lofen Baba Garwa

Matan unguwa kun dame ni da tambaya. To ga labarin tun daga ƙofar gida, kowa ta karanta ta huta, ni ma in huta. Amma ya tsaya tsakaninmu mata, kada ya kai kunnen liman.

Unguwar New Bell, Duwala, kafin asuba

Ladan bai kira sallah ba na riga na yi wanka, na ɗaura zani, ina zaune a kan akwati. Jirgin Garwa sai da hantsi zai tashi, filin jirgin kuma ga shi nan bayan unguwa, in jirgi ya taso har kwanon rufinmu yake girgizawa. Amma ni da iyakar yawona kasuwa da gidan suna, gani nake in na yi jinkiri za a ba wata kujerata.

Dalilin tafiyar Baba ne, mahaifin maigidana. Tun da aka kawo ni gidan nan nake share masa ɗaki, har bara da ciwon ƙirji ya sa 'yarsa Hajara ta ɗauke shi zuwa Garwa. Da aka ce jikin ya yi tsanani, maigida ya sayo mini tikiti in je in duba shi. Ana gobe tafiya Baba ya kira wayata, ba ta ɗansa ba.

"'Yar nan, abin nan da kike ɗagawa in kina shara, ki mayar."

"Na'am, Baba."

"Ki taho da shi. Kada ido ya gani."

Abin nan kuwa lofe ne na tagulla, ƙirar garin Fumban, da jakar fata ta taba, da tsinken sakace, da 'yar wuƙar kankare toka, da birike na kunna wuta da gwangwanin gas ɗinsa. Bayan tulu yake ɓoye su. Mutumin da ke sahun farko a masallaci, ake kawo masa rigimar aure ya sasanta, ai ba za a ce yana busa hayaƙi ba. Bai taɓa faɗa mini ba, ban taɓa tambaya ba. In ɗaga, in share, in mayar.

Na ji ana cewa akwati kan ɓata, kai kana Garwa shi yana Marwa. Sai na yi dabarar kakanni: na naɗe kayan a tsohon ɗankwali, na ɗaure a ƙugu ta cikin zani, na saki hijabi a kai. Na duba madubi na yaba wa kaina.

Hanya

Ruwan Duwala bai san ana tafiya ba, ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Malam Buba mai tasi, maƙwabcinmu, ya tsaya nesa da kwata, maigida ya ɗauki akwati muka yi tsalle-tsalle a kan duwatsu.

"Hajja, yaya kika zauna a karkace? Ƙugu ne?"

"Ƙugu ne, Malam Buba."

"Sanyin damina ne. Ki nemi man kaɗanya."

Bakin lofen ne ke sokina. Kafin in gama addu'ar tafiya mun iso. Masu shara kawai muka tarar.

Filin jirgi

Da gari ya waye aka auna akwati aka shige da shi, maigida ya yi mini sallama ya wuce wurin aiki. Ina shiga layin bincike na ji an dafa ni.

"Maman Nafi! Ke ce a filin jirgi? Yau za a yi ruwa da ƙanƙara!"

Hajiya Ladi ce, mai kai atamfa arewa. Kun san ta, in kana so magana ta tsallake kogi ta kai unguwar Bonaberi kafin azahar, faɗa mata ka ce sirri ne.

Faransancina na cefane ne, amma kunnena ba ya barci. Wani mutum a gabanmu, an tambaye shi ƙunshin da ke jakarsa na wane ne, ya ce saƙo ne aka ba shi. Nan take aka ja shi gefe, ana ta tambayar wa ya ba shi, ina sunan mai shi. Ni ko da wuƙa a wuya ban iya kama sunan surukina, balle a kan lofe, balle a gaban Hajiya Ladi.

Kowa na zuba waya da makulli a wani faranti. Na zuba tawa, na cire 'yan kunne, na ratsa ƙofar nan da ba ta da ƙyaure. Sai ta tsala ihu. Aka ce in koma. Na cire awarwaro, na sake ratsawa. Ta ƙara tsala wanda ya fi na farko, kamar na taka mata yaro.

Wata ma'aikaciya doguwa ta zo da wani abu kamar muciya tana shafa ni. Kafaɗa shiru, ƙirji shiru. Tana kaiwa ƙugu muciya ta kama kuka.

"Maman, c'est quoi ça?"

Wai mene ne wannan. Ta ce mu shiga bayan labule. Da na bi ta da an rufa asiri. Amma sai na kai hannu ƙugu don in danne, ashe bakin ƙullin na ja. Ɗankwali ya warware. Lofe ya faɗo a kan tayil, ƙwal, ya gangara har gaban takalmin Hajiya Ladi. Gwangwanin gas ya bi bayansa.

Hajiya Ladi ta ce, "Innalillahi."

Aka kira wani jami'i ɗan arewa mai jin Hausa. Ya ɗauki lofen ya juya, ya sunsuna.

"Hajja, na wa ne?"

Na tuna muryar Baba a waya. Na tuna sahun farko.

"Nawa ne."

"Ke kike sha?"

"Ni nake sha."

"Tun yaushe?"

"Tun... ai an daɗe, ɗana. Sanyi ne ya sa."

"Maman Nafi!" in ji Hajiya Ladi, hannu a ƙirji. "Shi ya sa kullum gidanku turaren wuta!"

Jami'in ya danne dariya da ƙyar. "Hajja, wa ya ce miki an hana lofe? Da kin sa a faranti kamar waya, da tuni kina ciki. Taba ma ki wuce da abarki. Birike ɗaya ki riƙe a jikinki. Amma gwangwanin gas ba ya hawa jirgi, wuƙar nan kuma da a akwati kika sa ta."

Akwati ya riga ya shige. Suka jefa wuƙa da gwangwani a wani kwando. Ya ɗaga tsinken yana dubawa, na ce, "Ɗana, don darajar iyayenka, in babu shi lofen toshewa yake." Ban san na san wannan ba sai da ya fito daga bakina. Ya taɓa bakin ya ji dakusasshe ne, ya miƙo mini.

"Lallai Hajja gwana ce."

Sama

Aka haɗa ni kujera da wani Bature, Hajiya Ladi na baya tana danna waya har sai da aka ce ta kashe. Jirgi ya zabura, na rufe ido na karanta duk surar da na sani, wasu sau biyu. Da na buɗe, kogin Wuri ya koma kamar zaren lilo. Aka kawo burodi da lemo, ban iya ci ba. Lissafi nake: yanzu labari ya kai layin mahauta, yanzu ya kai gidan liman.

Garwa

Zafin Garwa ya mare ni tun daga matakalar jirgi. Hajara ta tarye ni, muka hau tasi zuwa gidanta, ta kawo fura mai sanyi da kifin Binuwai. Baba na kwance a tabarma, ya rame har na ji ƙwalla. Na durƙusa na gaishe shi. Da Hajara ta fita, na tura ɗankwalin ƙarƙashin matashinsa.

Ya laluba ya ciro lofen. Ya shafa shi da babban yatsa, ya sa a baki haka nan babu wuta, ya lumshe ido. Likita ya hana shi hayaƙi, ya ce shi dai bakinsa ne ya yi kewar abokin zama.

"Ina wuƙar?"

"Tana Duwala, Baba. Hukuma ta riƙe."

Ya cire lofen daga baki. Can ya ce, "Ɗazu liman ya kira ni daga New Bell. Wai in yi wa surukata nasiha."

Na sunkuyar da kai. Sai na ji tabarma na motsi. Dariya yake, tari na katse shi.

"Lofe ya iso da suturarsa, ke kin iso babu taki. In kira shi in faɗi gaskiya?"

"A'a, Baba. An riga an sha, a bar shi."

Ya daɗe yana sa mini albarka, har ya kama sunana, abin da bai taɓa yi ba.

Komawa

Na yi mako ina dama masa kunu, jiki ya yi sauƙi har yana fita ƙofar gida. Ranar tafiya ya ba ni jakar tabar, ya ce in raba shi da ita kada Shaiɗan ya yi aiki. A filin jirgin Garwa na ɗora ta a faranti a gaban kowa, kaina a sama. Ko kallonta ba wanda ya yi.

Maigida ya tarye ni a Duwala. A tasi ya ce, "Ai tun ina yaro nake jin warin tabar Baba." Na ce to ya riƙe bakinsa kamar yadda na riƙe nawa, in ya so unguwa ta yi ta ce mini Mai Lofe.

Ban gama kwance kaya ba Iya Abu ta shigo, tsohuwar nan da ba ta fashin karatun mata. Ta yi mini barka da hanya, ta waiga hagu da dama, ta matso.

"'Yar nan, ashe ke tamu ce. A ina kike samun mai kyau?"

Na miƙa mata jakar.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, na gode wa Hajara da Malam Buba, da ɗan arewan nan da ya bar mini tsinke. Hajiya Ladi kuma, Allah ya ƙara wa wayarki caji.