Mai Karanta Tafin Takalmi

Shagonsa yana ƙarƙashin matakalar wani tsohon bene kusa da tasha, kuma mutum biyu ba sa zama a ciki sai ɗaya ya miƙa ƙafafunsa waje. Benci ɗaya ne, da gwangwanin gam, da basilla uku a soke jikin katako. Duk layin, Dunduniya suke ce masa, domin idan ka yi masa sallama ƙafarka yake fara dubawa kafin fuskarka.

Na san shi ne ranar da takalmina ya buɗe baki a hanyar ofis. Ya juya shi, ya shafa tafin da babban yatsa, ya ce, "Malam, kana da sauri, amma ƙafar dama ta fi ta hagu wahala. Jaka kake ratayawa a kafaɗa ɗaya." Haka ne kuwa. Daga yadda tafi ya cinye yana gane mai ciwon gwiwa, da mai wuni a tsaye, da wanda ya ari takalmin yayansa.

Shekara ashirin da shida, duk bayan damina yakan rufe shago kwana biyar, ni ma in ɗauki hutu. Mu shiga mota zuwa inda kwalta ta ƙare, daga nan sai ƙafa: gonaki, rafuka, gadojin katako, har mu kai wani tsauni da muke hawa a rana ta ƙarshe. Sabon takalmi ba ya bin mu. Mako guda kafin tafiya sai na kai masa nawa ya duba, kamar mai kai jariri awo. Kuma kullum shi ne a baya.

"Wuce gaba, ɗan jarida," yakan ce. "Kai ka kalli tsaunuka, ni in kalli aikina."

Ba mu taɓa isa masauki a kan lokaci ba. Da ya hango manomi da tsinkakken takalmi, sai ya zaro basilla daga aljihu ya zauna a kunyar gona. Ni in yi ta mita, shi ya yi ta ɗinki yana tambayar yadda amfanin gona ya yi.

A tafiyarmu ta ƙarshe, rana ta uku, muka iso wani rafi muka tuɓe takalma. Na kwashi nasa tare da nawa na haye. Da na ajiye, sai hannuna ya juya nasa da kansa. Na dama lafiya lau. Na hagu kuwa bakinsa ya cinye har ya huda facin da aka yi masa, dunduniyar tana nan sabuwa ful. Mai wannan takalmin jan ƙafa yake yi.

Da ya hayo na miƙa masa. "Tun yaushe?"

"Tun yaushe me?"

"Kai ka koya mini."

Ya zauna a kan dutse, ya daɗe yana goge ƙafarsa. "Shekara ashirin da shida ka kasa saka zare a basilla. Ashe wannan ka zauna ka koya."

Wata huɗu ke nan, in ji shi. Hannun hagun ma ya fara sakin guduma. Bai gaya wa maiɗakinsa ba. "In ta ji, babban ɗanmu ya ji. In ya ji, an rufe shago. Dama hanya yake nema." Ya ɗaga kai ya dubi tsaunin. "Saura kwana biyu, aboki. Mu ƙarasa, in mun koma na faɗa mata."

Na ce a'a. Wani mai tarakta ya rage mana hanya zuwa bakin kwalta, daga nan muka shiga mota zuwa gari.

Na raka shi har gida. Maiɗakinsa ta buɗe ƙofa, ta gan mu tun hutu bai ƙare ba, ba ta yi tambaya ba. Yana tsaye da jaka a hannu ya faɗa mata.

"Baban yara," ta ce, "shekara nawa ina jin takunka a matakalar nan? Tuni na ji ya canza. Jira nake ka buɗe baki. Shigo ka zauna, gobe asibiti."

An rufe shagon kafin wata damina. Ya ƙara shekara uku a duniya, yana takawa da sanda har bakin layi. Duk Asabar ina zuwa mu sha shayi. Bai taɓa cewa na kyauta ba, bai kuma taɓa cewa na yi laifi ba. In baƙi suka zo dubiya, sai ya nuna ni da sandar ya ce, "Ga mutumin da ya kore ni daga aiki. Ku ba shi kujera mai kyau."