Ruwa da Wuta a Cikin Tafarnuwa

Shekara arba'in da ɗaya Kawu ya yi yana jera haruffan dalma a ɗan shagonsa na ɗab'i. Ɗaki ɗaya ne, da inji mai feda, da akwatin katako mai gida-gida, kowane harafi da gidansa. Katin gayyata, rasit, takardar jarrabawa, duk ta yatsunsa suka bi.

In aiki ya lafa yana da wasa guda. Sai ya ɗauki kalma ya zazzage ta a kan tebur, ya ga kalmomi nawa ke kwance a cikinta. Wadda ya fi so ita ce tafarnuwa. Yakan ce ba ƙaramar aba ba ce, tunda ruwa da wuta na zaune lafiya a cikinta, ga rana ga wata. Da zan tafi karatu nesa, ya juya haruffan karatu suka zama takura. Tun daga nan sunana a wurinsa Malam Takura.

Na dawo bayan shekara tara na tarar shanyewar ɓarin jiki ta kama shi. Hannun dama ya mutu, magana ta ɗauke. Ma'aikaciyar asibiti ta ba da katunan haruffa, ta ce a riƙa gwada shi a gani ko hankalinsa na nan. Babban Yaya, ɗansa na fari, ya zaɓo haruffa tara na tafarnuwa ya baza masa a kan tire. Kawu ya tura katunan da hannun hagu, a hankali, ya jera AWUR. Ya watsa, ya jera ATUW.

Sati biyu ana haka. Yaya ya tara mu a falo ya ce mu daina yaudarar kanmu, mutumin da ya kasa kalmar da ya fi sani a duniya kansa ya tafi. Ya ce ya yi magana da mai sayen tsoffin ƙarafa, ranar Asabar za a kwashe injin da dalmar a rufe shagon. Kawu na jinmu daga ɗaki. Ni ma ban musa ba, don na rubuta duk abin da ya jera a littafi, na duba na sake dubawa, ban ga komai ba.

Inna, matar Kawu, ba ta yi nisa a boko ba, amma ita ta riƙa kai masa abinci shago duk tsawon shekarun nan. Ranar Juma'a da safe ta leƙa littafina, ta tambaye ni daga wane gefe nake karantawa. Na nuna mata hagu.

"Kai Malam Takura, duk karatun naka?" in ji ta. "Mutumin nan tun da na san shi a baibai yake jera haruffa. Sai an buga a takarda suke miƙewa."

Na bi da yatsa daga dama. Ruwa. Wuta. Shafi bayan shafi: rana, wata, fata, tara, tufa. Kalma talatin da biyu, babu kuskure ko ɗaya. Hannun da ya rage masa yana bin hanyar aikin da ya saba ne kawai.

Yaya ya ce wataƙila dace ne. Inna ta sa ni da Yaya muka ɗauko akwatin dalmar daga shago, muna nishi, muka ajiye a gefen gado. Kawu bai ko duba gidajen ba, yatsunsa suka san hanya. Ya ɗauki kusan awa guda. Da ya gama Inna ta ɗaure layin da zare kamar yadda ta sha gani, ta shafa tawada, ta danna takarda, ta miƙa wa Yaya ta ce ya karanta da ƙarfi.

"Kada a taɓa injina," Yaya ya karanta. Ya zauna a bakin gadon ya riƙe hannun tsohon.

Mai ƙarafa ya zo ranar Asabar ya koma da motarsa wayam. Yanzu kowace safiya ana tura Kawu shago a keken marasa lafiya. Shi ke jerawa, Yaya ke taka feda in ya samu sarari. Ni kuma aikina in kawo sabuwar kalma. Jiya na kawo makaranta, na sami kalma takwas a cikinta. Ya sami goma sha tara, ya tura mini tiren yana murmushi da rabin baki.