Na'urar da Ƙanena Ya Kulle da Yara a Fataskum

Ana sallame sallar asuba muka bar Kano, ranar Talata, mu tara a cikin fijo mai ɗaukar bakwai. Ni aka cusa a kujerar can baya, gwiwata a haɓata. Direba ya ƙara kuɗin mota, wai mai ya yi wuya, amma bai rage gudu ba ko a ramukan bayan Wudil. A Azare muka tsaya shan fura. Nonon ya sha ruwa har ya fi ni wahala.

Ba yawon buɗe ido ya kai ni Fataskum ba. 'Yata Ummi na je gani. Shekara uku ke nan ana riƙonta wurin ƙanena, tun da masaƙar da nake aiki ta sallame mu. Ni na yi boko har aji biyu na sakandare, shi ko alli bai taɓa riƙewa ba. Yau shi ke loda shanu zuwa Ikko, ni ina gadi.

Mun shiga gari ana jajiberin kasuwar shanu. Tireloli sun jeru, ƙaho ko'ina, dillalai na ciniki da Hausa mai ɗanɗanon Bolanci da Fillanci. Balangun garin kam ban ga na biyunsa ba, kuma da araha.

Gidan ƙanena yana unguwar Yindiski. Ummi ta durƙusa ta ce, "Sannu da zuwa, Baban Kano." Ƙanena ne Baba yanzu.

Bayan azahar ya ja ni ganin abin alfaharinsa: kwamfuta, wadda wani abokin cinikinsa na Ikko ya haɗa masa da layin tarho, wai intanet. Ya ware mata ɗaki mai ƙofar ƙarfe. Kullum da la'asar yakan sa Ummi da ɗansa mai shekara goma a ciki, ya datse da kwaɗo, ya tafi kasuwa.

"Yaya, ka ga tirelolin nan," in ji shi. "Yaro a titi, ai ba ni da kwanciyar rai. Nan kuwa ko kuda ba ya shiga. Turanci suke koyo."

Haka mahaifinmu yake yi da maruƙa, ya tura su garke ya ja ƙaya. Ban ga laifinsa ba. Na ce dai yau a kulle da ni.

Na'urar ta yi ta ƙara kamar an shaƙe zakara, sannan ta kama. Yaron ya nemo hotunan dabbobi. Hoto ba ya fitowa gaba ɗaya, daga sama yake saukowa kaɗan-kaɗan. Muka ga giwa, muka ga zaki. Can sai wani hoto ya buɗe da kansa. Gashin mace ya fito, sai goshi, sai kafaɗa babu riga. Kafin in motsa, Ummi ta cire ɗankwalinta ta rufe gilashin, ta riƙe da hannu biyu, kanta a sunkuye. Yaron ya juya fuskarsa bango yana ƙirga. Da ya kai hamsin ya laluba ya danna wani abu, hoton ya ɓace, ta sauke ɗankwalin.

Hannunta ya saba. Abin da ya fi ƙona ni ke nan.

Na ce, "Tun yaushe?"

Ummi ta ce, "Tun azumi."

"Me ya hana ku faɗa?"

"Za a ce mu muka kira ta. Kuma Baba zai mayar da ni Kano, ka ce ba ka da wurin ajiye ni."

Na faɗi haka kuwa, a gabanta, shekara uku da suka wuce. Ban san ta adana ba.

Da ƙanena ya dawo ban yi masa kwana-kwana ba. Na ce, "Alhaji, ka kulle ƙofa ka bar taga ta duniya a buɗe. Ga abin da 'ya'yanka ke gani." Na zo da niyyar in wanke shi tas, har na tanadi maganganu. Sai na ga dattijo da gemu ya zauna a ƙasa, ya cire hula, ya kasa kallona.

"Wallahi Yaya, na zaci kamar rediyo ce."

Washegari bai je kasuwa da wuri ba, ranar Laraba guda. Mu biyu muka cicciɓo na'urar zuwa rumfar tsakar gida, inda matarsa ke tankaɗe, kowa na wucewa. Aka ja waya ta taga. Ya tara yaran ya ce duk wanda ya ga abin banza ya kira babba, ba duka, ba faɗa. Ni kuma na ce wa Ummi ko ta faɗa ko ba ta faɗa ba, tana da gida biyu.

Ranar Alhamis na kamo hanya, da ƙullin kilishi da matarsa ta ba ni. Na iso Kano bayan la'asar, ƙafafuna a kumbure.

Abin da na koyo bai da yawa. Kwaɗo ba ya tsaron yaro, idon babba ke yi, da kuma yaro ya san in ya faɗi gaskiya ba za a kore shi ba. Na bar Ummi can, don can ta fi cin abinci. Amma na fara neman ɗaki mai ciki da falo.