Wutsiyar da Ba a Sace Ba

Duk wanda ya taɓa bin lungun bayan masallaci a Ƙofar Jatau ya san zauren Malam Bahago, ko da bai san sunansa ba. Nan ne za ka ga wani siririn dattijo ya miƙe ƙafa a kan buzu, babbar riga shimfiɗe a cinyarsa, yana fitar da aska takwas da hannun hagu. Kawuna ne, yayan mahaifiyata. Sunansa na yanka Haidar, amma in ka tambayi Haidar a unguwar sai a nuna maka wani mai cajin waya. Tun yana ƙarami aka yi ta buge masa hannu har ya koyi cin abinci da dama, amma allura ta ce ita ba da ita aka yi wannan yarjejeniyar ba. Da hagun ya aurar da 'ya'yansa, da hagun ya rufa wa gidan kwano, da hagun kuma yake kai mini ranƙwashi, wanda a ganina zalunci ne, don mutum na tsaron dama sai ya ji saukarsa ta hagu.

Kawu ba mai son hidima ba ne. In ya je ɗaurin aure, kafin a gama raba goro ya dawo kan allurarsa. Amma akwai rana guda a shekara da yake tashi da izzar mai gari, wato ranar cika-ciki, tara ga watan Muharram. Tun ranar Layya yake yanke wutsiyar ragonsa da kansa, ya shafe ta da gishiri, matarsa Inna Adama ta rataye ta a saman murhu ta yi ta shan hayaƙi. Ranar cika-ciki sai a jefa ta cikin miyar taushe, a tuƙa tuwon shinkafa, abokansa na ƙuruciya su zo a sha ruwa tare, a ci har mutum ya sassauta mazagin wando. Tsofaffi na cewa wanda bai ƙoshi a ranar ba da yunwa zai ƙare shekara. Wani ustazu ya taɓa gaya wa Kawu cewa wannan ba shi da asali. Kawu ya ce shi ma bai ce yana da asali ba, cewa ya yi yana da daɗi.

Ni ba a taɓa gayyatata ba, ba a kuma taɓa korata ba, to ka ga ai hujja ta tsaya.

A cikin masu zuwa, wanda aka fi jira shi ne Malam Zaharaddini, tsohon malamin firamare da ke zaune a Tudun Jukun. Taubashin Kawu ne, uwar Kawu da uban Malam Zaharaddini ciki ɗaya suka fito, kuma kowa ya san tsakanin taubasai babu gaisuwa sai tsiya. Ban taɓa jin sun kira juna da sunan kirki ba. Kawu na ce masa Kura, shi kuma yana ce wa Kawu Mai Hannun Buta. Gayyatar ma haka take. Kawu zai aika a gaya wa Kura bana ba a dafa da shi ba, kada ya wahalar da takalminsa. Shi kuwa shi zai riga kowa isowa, ya zauna daf da tire, ya ce jama'a su binciki da wane hannu maigidan ya taɓa tuwon kafin a ci abin da zai hana salla karɓuwa.

Sannan sai satar wutsiya. Kowace shekara sai ya sace ta. Ko ana tsakiyar addu'a ido a rufe, ko Kawu ya juya neman ruwa, sai a duba a ga wayam. Wata shekara a cikin hularsa ya sa ta, mai na bin kunnensa yana ɗiga a kafaɗa, yana rantsuwa da girman furfurarsa shi bai ga komai ba. Kawu kan yi ta bambami, wai shi ya sayi rago, shi ya yanka, amma bai san ɗanɗanon wutsiyar ragonsa ba. Sai dai ni na lura, ruwan da yake juyawa nema kullum yana nan kusa da gwiwarsa.

Ana nan wata damina hawan jini ya kayar da Malam Zaharaddini. Allah ya yi da sauran kwana, ya tashi, amma ɓarin dama ya ƙi tashi tare da shi. Ƙafa yana ja, hannu na reto, magana ta ɗan yi nauyi amma ana ji sarai.

Cika-cikin shekarar ta faɗo a tsakiyar kaka. Sabuwar shinkafa ta shigo, kabewa ta yi arha har ana roƙon mutum ya saya, gyaɗa ɗanya ko'ina. Shekarar da ya kamata a ci a yi nishi ke nan. Amma Kawu duk ya bi ya damu. Maimakon ya aika da saƙon tsiya, sai ya sa wankakkiyar riga ya tafi Tudun Jukun da kansa, ya zauna a ladabce ya ce in jiki ya ba da dama ana so a gan shi. Ya dawo ya aro kujerar roba mai hannu. Ya ce Inna Adama ta zuba wa baƙon nasa daban a faranti, ta sa cokali, ta daddage naman. Inna Adama ta tambaye shi wane baƙo kuma, Kura ne fa. Ya ce ta yi abin da aka sa ta. Da sauran abokan suka hallara ya ja musu kunne, ya ce mutumin nan da hagu zai ci, duk wanda ya yi ko murmushi ya bar masa zaure. Yana maganar idonsa a kaina, kamar ni kaɗai Allah ya yi wa haƙora.

Daf da magariba adaidaita sahu ta sauke Malam Zaharaddini. Ya jawo ƙafa har bakin zaure, ya tsaya, ya ɗaga hannun hagunsa sama yana juya shi kowa ya gani.

"Salamu alaikum, Mai Hannun Buta. Ga ni na zo ka koya mini sana'a."

Wallahi ƙofar da ya buɗe ko raƙumi ya shige. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana zagin hagu, ga shi ya kawo kansa da kansa. Ni amsa uku na tanada a take. Kawu ya miƙe, ya tarye shi, ya riƙe masa gwiwar hannu.

"Sannu da zuwa, Malam. Ya ƙarfin jiki? Allah ya sa kaffara ce."

Malam fa. Malam Zaharaddini ya dubi Kawu kamar wanda ya yi ɓatan gida.

Aka sha ruwa, aka yi salla, aka kawo tuwo. Kowa ya sauka tabarma aka kewaye tire, shi kuma aka ɗora shi a kujera can sama da farantinsa, sai ka ce alƙali. Bai haƙura ba. Ya dubi Malam Nasidi, wani abokinsu mai sayar da turare, ya ce ya bincika masa da wane hannu aka zuba wannan tuwon. Malam Nasidi ya saci kallon Kawu, ya sunkuyar da kai, ya ce Allah ya ƙara lafiya. Kowa ya ce amin. Ba ka jin komai sai ƙarar cokali ɗaya a kan faranti.

Sannan Kawu ya yi abin da ya ƙarasa kashe wajen. Ya tsamo wutsiyar daga miya, ya yayyanka ta ƙanana da wuƙa, ya kai ta gabansa da hannu biyu.

"Ga taka, Malam."

Malam Zaharaddini ya daɗe yana kallonta. Ya ƙara loma biyu na tuwo, ya ce alhamdu lillahi, ya ce a nemo masa abin hawa yana so ya yi lisha a gida. Wutsiyar ko taɓa ta bai yi ba. Mu ma da muka rage ba wanda ya ƙoshi, har ni, kuma wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Kawu ya kwana yana ganin ya fita kunyar zumunci. Kashegari da hantsi sai ga Sailuba, matar Malam Zaharaddini, ta shigo wajen Inna Adama. A tsakar gida suka zauna, kuma katangar zauren Kawu ba ta riƙe magana. Ta ce mijinta ya fi mako yana gwada cin tuwo da hagu, yana ɓata riga yana dariya. Ya ce mata bana Bahago zai rama tsiyar shekara da shekaru, kuma ya cancanta, amma shi ma ya tanadi amsar da za ta zaunar da shi. Tun da ya kwanta ba ta ga ya yi ɗokin wani abu kamar wannan ba. Likita na ce masa sannu, 'ya'ya sannu, maƙwabta sannu, ya ce saura wuri ɗaya a duniya da ba za a ce masa sannu ba. Inna Adama ta tambaye ta me ya ce da ya koma.

"Cewa ya yi, Sailuba, yau na ci tuwon sadakar ukuna da raina."

Allurar Kawu ta tsaya. Ranar bai ƙara ɗinka komai ba.

Inna Adama ta ce maganin ai mai sauƙi ne, ya tashi ya je ya zazzage shi ya dawo. Ya je kuwa, ba sau ɗaya ba. A hanya yana ta bitar abin da zai faɗa, amma da ya shiga ya ga hannun nan kwance a cinya, sai ya ji bakinsa ya ce ya jiki. Shi ma Malam Zaharaddini ya koma amsawa da jiki da sauƙi, Malam Haidar, mun gode. Su zauna kamar surukai, su yi zancen tsadar taki, a rabu. Daga ƙarshe Kawu ya ce ɗakin jinya ne ke ɗaure masa harshe. A bari cika-ciki ta zagayo, a zaurensa, ga tire a gaba, maganar za ta fito da kanta. Inna Adama ta ce ya yi alkawari da wata ne ko da Mai wata? Ya koma kan allurarsa.

Kafin Layya ciwon ya sake bugawa. Wannan karon ya tafi da maganar.

Da ranar cika-ciki ta zo Kawu bai shimfiɗa tabarma a zaure ba. Ya sa aka ɗauki tukunyar miya da kular tuwo da tire, duk muka ɗunguma Tudun Jukun. Ya ce wa Sailuba a sauko da shi ƙasa a jingina shi da bango, ba kujera, ba cokali. Sannan ya tsaya a bakin ƙofa ya gyara murya.

"Kura, an ce maka bana ba a dafa da kai ba, shi ne ka kwanta don a biyo ka da shi? To ga hagun da ka zaga tun muna yara, yau ita ke ciyar da kai. Ka ba ta haƙuri a gaban jama'a."

Idon Malam Zaharaddini ya kawo haske. Ya ɗago kai, bakinsa ya motsa. Duk muka zuba masa ido muna jira. Amsar tana nan, mun ga tana nan, ta taso har maƙogwaro, jijiyar wuyansa ta miƙe. Abin da ya fito sauti ne kawai. Ya sake gwadawa. Sailuba ta fita waje.

Aka zuba tuwo. Kawu ya ajiye wutsiyar sukutum a gefen tire, ta ɓangaren hagun mutumin, ya juya wai yana neman ruwa. Ya daɗe yana neman ruwan nan. Hannun ya rarrafo a kan tabarma, ya kai bakin tire, ya taɓa wutsiyar, ta sulle. Ya sake kamawa, ta sake sullewa. Da Kawu ya juyo tana nan inda ya bar ta. Na ga sannu ta zo masa baki, na ga ya haɗiye ta da ƙyar.

"Ka lalace, Kura. Ko satar ma ba ka iyawa."

Rabin fuskar Malam Zaharaddini ya yi dariya, har kafaɗarsa na girgiza, hawaye na bin ɗayan rabin. Ranar ya ci tuwo sosai, ya ɓata rigarsa da tabarmar Sailuba, Kawu na ta yi masa gori. Da bazara ya rasu.

Har yanzu Kawu na tara abokansa ranar cika-ciki, ana ci ana ƙoshi. Mutane na ce masa ai ya gyara kafin ƙasa ta rufe ido, ya gode wa Allah. Yakan ce tsiyar da ba a rama ba rabin tsiya ce. Ya tambayi Sailuba ko ta san amsar da mijinta ya tanada, ta ce ta roƙe shi ya gaya mata ya ƙi, wai in an ɗanɗana miya tun a tukunya ba ta kai wa tire. Mutumin nan ya zo har zaurensa da amsa a baki, lokacin bakin na aiki, shi ya toshe ta da sannu.

Wani lokacin yana cikin ɗinki sai ka ga allurar ta tsaya a sama, ya ƙura wa bakin zaure ido. Na san abin da yake lalube. Nakan ce bari in taimaka, in ƙago wata amsar in ce wataƙila ita ce. Yakan saurara da gaske, ya juya ta a ransa, sannan in ji saukar ranƙwashi ta hagu.

"Tashi ka ba ni wuri. Kura ba zai faɗi magana lami haka ba."