Sa'adiya da Jinin Matan Boyekai

Sa'adiya ta fi shekara ashirin tana suyar kifi a bakin madatsar Goronyo. 'Yar Boyekai ce, mace mai baki, ba a taya kifinta sau biyu. Shekarar da ƙafafunta suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga, an sha jiƙe-jiƙe kafin a kai ta Sakkwato, a ce ƙodarta ce ta gaza. Tun daga nan sau biyu a mako take shiga mota zuwa wankin ƙoda.

A kan gadon wankin wani likita mai bincike, Dakta Uwaisu, ya same ta. Ya ce suna son gano abin da ke cin ƙodar mutanen bakin gulbi, amma mata sun ƙi ba da jini.

"Mi za su samu in sun ba da?" in ji ta.

"Kowace za a hwaɗa mata lahiyar ƙodarta, Inna."

A kan wannan maganar ta ɗaura ɗamara. Ranakun da ba ta wanki takan ja ƙafa gida-gida, Boyekai, Shinaka, har Lahodu. Sai ta zauna a tabarma, ta janye mayafi ta nuna hannunta da allura ta sassaƙe. "Ku dube ni. Da an gane da wuri, da ban kai haka ba." Mata suka ba da jini da fitsari, don ita, ba don likita ba.

Aka kwashe kwalabe aka tafi. Damina ta wuce, aka cire albasa, shiru. An dai kira ta taro a wani otal, aka tafa mata, aka ɗauke ta hoto.

Sai aminiyarta Hassana ta kwanta, kwana tara ta rasu, jiki a kumbure. Wurin gaisuwa mijinta Almustapha ya dubi Sa'adiya a gaban jama'a. "Ke kinka kawo su. Sun ɗebi jininta, mi sunka gani? Ba wanda yah hwaɗa muna."

Ta tare Dakta Uwaisu a barandar asibiti. Ya shiga kame-kame: bincike ya ƙare, an buga rahoto, hanyar ƙauyukan kuma ba lafiya. Ta ce ya duba sakamakon Hassana. Ya duba a kwamfuta. Tun wata goma sha huɗu da suka wuce gwajin ya nuna ƙodarta ta fara lalacewa.

Ba ta yi kuka a gabansa ba. Ƙofar ofishinsa ta zauna har ya fitar da sakamakon kowace mace a ambulan ɗinta. Ita ta bi gidaje ta raba, wata ma'aikaciyar lafiya tana karanta musu. Mata shida aka samu masu buƙatar magani. Wasu gidajen ko sallamarta ba a amsa ba.

Bana wasu masu binciken suka zo nemanta. Ta ce, "Ku rubuta za ku maido sakamako cikin wata guda, hakimi shi sa hannu." Suka ce za su yi shawara.

Daga baya ta ji suna can wajen Rabah, sun sami wata mai ciwon ƙoda tana shiga musu gidaje. Sa'adiya ta aika mata saƙo ta bakin wani direba, kada ta yarda sai sun rubuta za su maido sakamako. Har yau ba ta san ko ya isa ba.