Jan Jirgin Ba Mala

"To, in ya tsallaka kogi fa?" in ji Ɗan Azumi. "Can fa ƙasar wasu ce. Wa zai shiga kwale-kwale ya je ya ce a ba shi jirgin Babarbare, ba lamba, ba takarda?"

"Ba zai tsallaka ba," in ji Ba Mala, bai ko ɗago kai ba.

"Haka ka ce wancan karon, ya je ya sauka cikin kaskon A'i mai ƙosai."

"Wancan karon roba ke jan shi, ba shi da linzami. Yanzu yana da linzami."

"Linzamin a hannun wa? A hannun mutumin da shekaranjiya ya tsaya ya gai da buhun tattasai, har da tambayar iyali?"

Mu da ke kan bencin rumfar muka yi dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba. Shi kansa Ɗan Azumi ya ji maganar ta wuce wasa, sai ya kama gyaran hula. Kowa a layin nan na bayan kasuwar Diffa ya san idon Ba Mala yana tafiya. Likitan ido a Damagaram ya gaya masa ciwon ba irin yanar da ake cirewa ba ce. Magani zai rage masa gudu, amma abin da ya tafi ya tafi. Gefe da gefe duk ya rufe, saura tsakiya, kamar mai leƙe ta cikin tiyo. Abin da yake so kafin tiyon ya toshe shi ne ya ga jirgin nan a sama da idonsa, ya kuma sauko da shi da hannunsa.

Ni injin ban-ruwan gidanmu ke kai ni rumfarsa. Da yake ba ni da gaggawa, nakan zauna yana aiki yana ba ni labari. Abin da na sani a kansa daga bakinsa na ji, wani kuma daga bakin matarsa, Ya Habiba.

Ɗan manoman tattasai ne, an haife shi a bakin kogin Komadugu tun ana ɗebo ruwa da jigo. Da injina suka fara shigowa, kowa ya saya, ba wanda ya san cikinsu. Mala ya kwance na mahaifinsa ba da izini ba, ya sha faɗa, ya mayar da shi, injin ya tashi. Daga nan sana'ar ta riƙe shi. Da kunne yake aikinsa. Yakan tsaya a kan gaɓa da safe ya karkata kai ya ce, "Na Maikano buji ne, ba ya ba da wuta. Na Kaltumi kuma iska yake sha ta tiyo." A je a duba, a tarar haka ne.

Shi ne ya fara gaya mini dalilin wata ɗabi'a ta maƙwabtan gonarmu. In kana ban-ruwa ka ji injin maƙwabcinka ya mutu ba lokacin mutuwarsa ba, kai ma sai ka kashe naka ka saurara. Ƙarar inji tana cinye ihu. Ta yiwu wani ya zame cikin kogi, ko maciji ya sari wani, yana kira ba a ji. In ba komai, sai a ja igiya a ci gaba.

Jirgin kuwa a kwali ya zo, shekarar da aka karya darajar sefa. Wani Bature mai aikin rijiyoyi zai koma gida, ya sa kayan ɗakinsa a kasuwa. Ɗan Azumi, wanda ya zo daga Damagaram ya buɗe shago kusa da rumfar Ba Mala, ya kwashe su duka. A ciki akwai kwali mai hoton jirgin sama. Ya buɗe yana zaton abin arziki ne, sai ya tarar da ƴan falankai sirara, marasa nauyi kamar totuwar kara, da babbar takardar zane, da farfela, da doguwar roba. Itacen ana ce masa balsa. Ya turo wa maƙwabcinsa kwalin ya ce, "Ga makamashin shayi."

Ba Mala bai iya karanta rubutun ba, amma zanen ya yi masa magana. Ya yanka haƙarƙarin fiffike ɗaya bayan ɗaya da reza, ya dinga kafe su a kan katako da alluran Ya Habiba har gam ya bushe. Ba ya taɓa shi sai kogi ya janye, injina sun huta. Saboda haka aikin ya ci shekaru. Wata damina ya jingina fiffiken hagu a bangon ƙasa ya manta, gara ta cinye shi, ta bar masa siffar kawai. Ya Habiba ta ce kwanaki ya yi yana cin tuwo ba ya cewa uffan.

Balsa ba ta a Diffa, ba ta a Damagaram. Wani mai fataucin banda ne ya kawo masa mafita daga bakin Tabkin Chadi: guntun itacen nan da ke tsirowa cikin ruwa, wanda Buduma, mutanen tabkin, ke rungumewa su tsallake da shi. Ba shi da nauyi, sai dai yana da taushi, in ka matsa da farce ya loɓa. Ya fere shi a hankali, ya ƙarfafa shi da tsinken gora, ya sake fiffiken. Da ya gama ya murɗa robar ya saki jirgin a layin kasuwa. Ya tashi, ya yi ɗan zagaye inda ya ga dama, ya faɗa cikin man A'i. Ba Mala ya ba ta haƙuri, ya wanke jirgin, ya rataye shi a rufin rumfa da waya, ya shafa wa wayar baƙin mai saboda gara. Nan jirgin ya zauna yana lilo har salula ta shigo gari.

Ranar da ya dawo daga Damagaram da maganar likita, bai shiga gida ba sai da ya sauko da jirgin.

Ɗan Azumi, duk da bakinsa, shi ne ya nemo masa kayan linzamin a wurin masu gwanjo a Maiduguri. Akwati ne mai eriya da ƴan sanduna biyu, da wasu ƙananan injina kamar ƙwayar dabino waɗanda ke jan jelar jirgi dama ko hagu in an taɓa sandar. Ba Mala ya cire robar, ya dasa ƙaramin injin lantarki a hanci, ya haɗa masa baturan salula don su suka fi sauƙi. Wahalar ita ce nauyi. Yakan ɗora jirgin a kan yatsu biyu a ƙarƙashin fiffike, in hanci ya rinjaya ya ja baturan baya, in jela ta rinjaya ya kankare ta. Ƙananan kusoshin ba ya ganinsu sosai, da leɓe da yatsa yake lalubensu. In ɗaya ya faɗi ƙasa sai kowa ya sunkuya yana nema, shi kuma ya zauna hannu a gwiwa yana jira.

Ya Habiba ce ta ce kada ya lulluɓe shi da fari irin na hoton kwali. Ta samo jar leda, ja wur kamar tattasai a shanya, ta ce wannan ko makaho ya gan shi. Ta faɗa tana dariya. Amma da na kai mata saƙo gida wata rana, ta tsayar da ni a zaure.

"Ɗana, kai da yake sake wa ciki, ka ce masa ya bar shi a rataye."

"Ya Habiba, ai don ya tashi ya yi shi."

"Na sani. Amma muddin jirgin nan yana rumfa, yana da abin da zai tashi ya je ya taɓa. In ya tafi kogi, wallahi mutumin nan zai zauna, kuma ba zai sake miƙewa ba. Na ga abin da gara ta yi masa, lokacin kuwa idonsa garau."

Na gaya masa. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce, "Tana da gaskiya. Amma bara ina ganin bishiyar tsallake, bana ba na ganinta. Baɗi fa?"

Ya zaɓi filin shanya na kusa da gonarsu, tun ba a fara tsinkar tattasai ba. Ya zaɓi safiya don lokacin iska ke kwance. Abin da bai tuna ba, mu ma ba mu tuna ba, shi ne safiya ce lokacin ban-ruwa. Injina na ruri daga wannan gaɓa har waccan. Wanda ya tashi cikin ƙarar nan ba ya jin ta.

Mutane sun taru fiye da yadda ya so. Ya Habiba ta tsaya can baya kusa da injinsu, ta ce ita ba kallo ta zo ba, ruwa ta zo tsaro. Ɗan Azumi ya naɗe hannun riga ya ɗaga jirgin sama da kai.

"Bismillah. Babarbare, in na jefa ya faɗi, ba ruwana."

"Jefa, Bahaushe. Kada ka wurga kamar mai korar akuya. Tura shi kawai."

Farfela ta ɗauka. Ɗan Azumi ya yi ɗan gudu ya sake shi. Jirgin ya nutsa kamar zai sha ƙasa, sai ya ɗaga hanci ya hau. Ya wuce kan komai, ja a cikin shuɗin sama.

"Na gan shi," in ji Ba Mala. "Na gan shi, na gan shi."

Ya taɓa sandar don ya juyo da shi. Jirgin ya karkata da sauri fiye da yadda ya zata, ya fice daga ɗan abin da idonsa ke kamawa. Na ga kansa yana juyawa, sama, ƙasa, dama, yana laluben sararin. Yatsunsa suka sandare a kan akwatin.

"Ina yake?"

Kowa ya amsa lokaci guda, wasu da Hausa, wasu da Barbarci. Wannan ya ce dama, wancan ya ce hagu, kowa da inda ya fuskanta. Jirgin kuwa ya miƙe ya nufi kogi, yana ƙanƙancewa.

"Ku yi shiru!" Ban taɓa jin ya ɗaga murya haka ba. "Ku yi mini shiru in ji shi!"

Muka yi shiru. Bai amfana komai ba. Injina na ta ruri. Ya karkata kai yadda ya saba, gumi na bin wuyansa. Jirgin ya kai kan ruwa.

Sai injin gonarsu ya mutu. Na waiwaya na ga Ya Habiba da wayar buji a hannu, tana yarfa yatsu don wutar ta ja ta.

Maikano, maƙwabcinsu, yana can cikin kwaman tattasansa bai san me ake ciki ba. Ya ji shirun, ya yar da fartanya, ya kashe nasa. Na Kaltumi ya bi. Na gaba da shi ya bi. Shirun ya dinga tafiya a bakin kogi gona bayan gona, gabas da yamma, har wani a tsallake ya kashe nasa. Ban taɓa jin kwarin haka da safe ba. Kana jin ruwa yana komawa cikin tiyo, kana jin kukan kurciya.

Can a ƙarƙashin wannan duka akwai wata ƴar ƙara siririya kamar ta zanzaro.

Ba Mala ya rufe ido. Ya juya jikinsa gaba ɗaya ya fuskanci ƙarar. Ya tura sandar kaɗan, ya jira. Ƙarar ta yi rauni kamar za ta yanke, Ɗan Azumi ya kama hannuna ya matse. Sai ta sake kauri, ta zagayo ta hagu, ta fara ƙaruwa. Ya saki sandar. Bai buɗe ido ba sai da ƙarar ta zo daidai goshinsa. Da ya buɗe, jirgin yana tsakiyar abin da yake gani, yana tahowa, yana girma, rana na haskowa ta cikin jar ledar har ana ganin haƙarƙarin da ya fere. Ya bi shi da ido bai ƙifta ba. Ya rage wuta. Jirgin ya wuce kanmu ya faɗa cikin tattasan gonarsu, farfela ta karye, ƙafa ɗaya ta fita.

Ba wanda ya yi ihu. Ɗan Azumi ya je ya ɗauko shi kamar mai ɗaukar jariri, ya miƙa masa. Ba Mala ya shafa fiffiken hagu daga tushe har ƙarshe. Lafiya lau.

Lokacin ne mutanen gonakin suka fara isowa a guje, wani da igiya, wani da gora. Kaltumi ce a gaba, zane a ɗamare, tana haki.

"Wa ya faɗa? Ɗan wa?"

"Ba kowa," in ji Ɗan Azumi. "Jirgi ne ya dawo daga ƙasar waje."

Ta dubi jirgin, ta dubi Ba Mala. "Ba Mala, da furfurarka? Ka tsayar da ruwan mutane saboda leda? Zuciyata ta kusa fita!"

"Ni na kashe," in ji Ya Habiba daga baya. "Ki zo ki yi da ni."

Kaltumi ta ce to Allah Ya kyauta, ta juya tana mita. Injina suka fara tashi ɗaya bayan ɗaya. Ba Mala yana tsaye da jirgin a ƙirji, sai na ga ya karkata kai. Can gabas wani na jan igiya, inji ya yi tari ya mutu, ya sake ja, ya sake mutuwa.

"Na Maikano ne," ya ce. "Tsohon nan in ya yi zafi aka kashe shi, sai an lallashe shi."

Ya miƙa wa Ya Habiba jirgin. "Kada ki jingina shi a bango."

"Na ji, Malam. Ka bi ta kan gaɓa, akwai laka a ƙasa."

Ya rataya jakar kayan aikinsa, ya taka bakin kwami da ƙafa ya tabbata, ya nufi inda ake jan igiyar.